Kwalin Speedball Diazo: zai iya fitar da fuskarka irin ta Warhol?

Tun 1962 da Andy Warhol, mai zane ɗan Amurka, ya fara ɗora hoto a kan raga yana jan tawada a kai, masu zane suke gwada salon da fuskokinsu. Shi kansa ya buga tasa fuskar daga hotunan rumfar ɗaukar hoto a 1963, ya sake a 1986 da gashin nan nasa a tsaitsaye, shekara guda kafin rasuwarsa. Aikin dai shi ne wanda masu buga riguna suke yi a Kano da Kaduna, sai dai a nan kan takarda ake yi, kuma fuska ba ta yafe kuskure kamar yadda harafi yake yafewa. Mai son farawa, abin da ya fi saurin cin karo da shi shi ne kwalin Diazo na kamfanin Speedball da ke Amurka.

Kwalba uku ce a ciki: imalshon, wato ruwan da ake shafa wa raga a gasa shi da haske ya daskare, kamar mililita 195, 'yar kwalbar sinadarin da ke sa shi jin haske, da ruwan wanke raga. Babu firam, babu raga, babu robar jan tawada, babu ma kwamin shafa imalshon, kuma rashin wannan na ƙarshe ya fi ciwo, domin shafawa da roba kan bar wani wuri da kauri wani da sirantaka. 'Yar kwalbar za ka ɗauka babu komai a cikinta. Sinadarin yana manne a gindi, sai an zuba ruwan sanyi an girgiza sosai, a juye cikin imalshon a gauraya har shuɗin ya koma kore.

Da zarar an haɗa, kwanansa ya fara ƙarewa. Yakan kai wata 4 a firji, mako 8 a ɗaki mai digiri 21, mako 4 kacal a digiri 32. Wanda ke Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ga wuta ba tabbas, kada ya haɗa sai hotunansa sun kammala.

Inda kwalin ya cancanci yabo shi ne haƙurinsa. Diazo ba ya saurin ƙonewa, don haka ɗan koyo yana da sarari. Raga mai inci 10 da 14, da ƙwan fitilar masu ɗaukar hoto mai wat 250 a tsayin inci 12, kusan minti 10 ake gasa ta. Da tsohon ƙwai mai wat 150 kuwa sai an yi kusan minti 45, kuma ɗauke wuta na iya katse aikin a tsakiya. Rana tana gasawa cikin ƙasa da minti guda, amma sai an yi gwaji a kan gefe tukuna. Idan imalshon ya yi santsi yana bin ruwa wajen wanki, bai gasu ba. Idan ƙananan ɗigon hoton sun ƙi buɗewa, ya gasu fiye da kima, ko kuma baƙin da ke kan filim ɗin, wato ledar da aka buga hoton a kai ake ɗorawa kan raga, bai toshe haske ba. A haɗa filim biyu, a danne da gilashi.

Fuska a nan ake yin ta ko a ɓata ta. Ana mayar da hoton ɗigo-ɗigo a kwamfuta, kuma yawan ɗigon ya dace da ragar: a raba lambar raga, wato yawan zarenta a inci, gida 5. Raga mai lamba 110, irin ta riguna, ba ta ɗaukar fiye da layi 22 a inci, ɗigon ya fito manya kamar na tsohuwar jarida, wanda wasu ma shi suke so. Mai son ƙwayar ido da gashin baki su fito ya nemi lamba 230 da layi 45, a karkata ɗigon digiri 22.5 don kada ya yi zane-zanen igiyar ruwa da zaren ragar. Ga mai baƙar fata akwai ƙarin aiki: idan aka ƙara wa hoton duhu da haske kai tsaye, kumatu da goshi suna haɗewa su zama dunƙule. A ɗauki hoton da haske daga gefe guda, a buɗe tsaka-tsakin launin kafin a yi ɗigon.

Launi shi ake fara sawa, fili-fili, ruwan hoda ko rawaya ko shuɗi, baƙin ya zo a ƙarshe. Ɗan gocewar milimita 2 ko 3 tsakaninsu ita ke ba aikin rai, amma da gangan za a yi ta, da alamun salatif uku a kan tebur don daidaita takarda.

Imalshon ɗin yana jure tawadar ruwa, sai dai a hunturu tawadar kan bushe a cikin raga kafin a kai bugu na biyar. A cakuɗa mata sinadarin jinkirta bushewa, a riƙa lulluɓe ragar da tawada tsakanin bugu da bugu. Ruwan wankin kuma yana aiki da kyau, amma kada a bar shi ya bushe a kan raga, domin imalshon zai daskare ya ƙi fita har abada. Mai buga takarda 20 zuwa 30 na fuskarsa a gida, kwalin ya ishe shi. Mai shago da ke gasa raga kullum gara ya sayi imalshon na lita.