Robar ruwan zafi a matsayin kyautar zagayowar haihuwa ga aboki mai sikila

Duk wanda yake da aboki mai sikila ya san ranar zagayowar haihuwarsa tana da nauyin da ta sauran mutane ba ta da shi. Jajayen ƙwayoyin jininsa kwana 10 zuwa 20 suke yi su mutu, alhali na mai lafiya suna kai kwana 120. Da wannan jinin yake zuwa makaranta, yake zuwa kasuwa, yake tashi daga gadon asibiti ya koma bakin aikinsa. Shekara guda da ta ƙaru masa, da jimiri ya same ta bayan ikon Allah. Shi ya sa idan za a haɗa masa kyauta, kafin turare da agogo, robar ruwan zafi mai lita 2, wato jakar da ake zuba wa ruwan zafi a ɗora a jiki, ta cancanci shiga cikin ledar.

Amfaninta a bayyane yake. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ƙwayoyin da suka lanƙwashe su maƙale, sai ciwon ƙashi ya tashi. Ɗumi yana saki jijiyoyin, ya sassauta naman da ya ɗaure. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da asubahin Kano da Zariya da Damagaram ke shiga har ƙashi, robar tana raba mutum da kwana a zaune. Ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar caji, ruwan filas ya ishe ta. Amma gasa jiki da ita taimako ne kawai, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta ko yawan shan ruwa.

Iri biyu ake samu a kemis da shagunan kayan asibiti. Akwai ta roba zalla, mai taushi, wadda take kwanciya a jikin baya da gwiwa. Aibinta wari da saurin tsufa. Bayan shekara 2 a canza ta ko da ba ta nuna alamar lalacewa ba. Akwai kuma ta leda mai kauri, irin wadda kamfanin Fashy na Jamus yake yi. Ba ta wari, ta fi daɗewa, sai dai ta ɗan fi tauri. Mai kyau za ka ga an buga mata lambar inganci BS 1970. Da yawa suna da wani zane mai kama da fure kusa da wuya: lambar tsakiya ita ce shekarar da aka yi ta, ganyayyaki 12 ɗin watanni ne, ɗigon da ke cikinsu makonni. A duba wannan da kyau, domin robar da ta shekara 3 a ajiye cikin zafin shago ta riga ta tsufa tun ba a zuba mata ruwa ba.

Kafin a naɗe ta a takardar kyauta, a gwada ta. A cika da ruwan sanyi, a murɗa murfin, a kifa ta a kan baho a matsa da hannu biyu. Yawancin yoyo daga zoben robar da ke cikin murfi yake fitowa ko daga gefen da aka liƙe. Ɗigo ɗaya ya isa a mayar wa mai shago.

Wajen zuba ruwa ne aka fi yin kuskure. Tafasasshen ruwa yana cin robar daga ciki har wata rana ta fashe a jikin mutum. A bar ruwan ya huce kamar minti 10, ko a surka shi da na sanyi rabi da rabi. A riƙe wuyan robar a tsaye, a zuba a hankali har kashi 2 cikin 3, wato kimanin lita 1 da ɗan ƙari. Sannan a kwantar da ita sannu a hankali har ruwa ya leƙo bakin wuya, iskar ciki ta fita, a rufe. Iskar da aka bari tana kumbura da zafi, ita ce ke matsa liƙin. Kada robar ta taɓa fata kai tsaye. A sa mata rigarta ko a naɗe da tawul. Minti 15 zuwa 20 a wuri ɗaya, a ɗaga, a duba fatar.

Wannan ƙa'ida ta fi tsanani ga mai sikila. Wanda ya sha maganin ciwo mai ƙarfi barci yana iya ɗauke shi, robar tana gasa fatarsa bai ji ba, ya farka da ƙuna. Ba a ɗora ta a kan gyambon idon sawu, ba a ɗora ta a kan filastar maganin ciwo da ake liƙawa a fata, domin zafi yana sa maganin ya shiga jiki fiye da kima. Ba a kwanciya ko zama a kanta.

Masu caji da suka cika kasuwa suna da ban sha'awa, amma marasa suna daga cikinsu ba abin amincewa ba ne: wasu ƙarfe biyu ne tsirara a cikin ruwan suke dafa shi, kuma suna kumbura su fashe. Wanda ya riga ya mallaki irinta, kada ya rungume ta tana jone da wuta.

Akwai lokacin da ake ajiye roba a nufi asibiti: zazzaɓi ya kai digiri 38, ciwon ƙirji ko numfashi da ƙyar, mutuwar ɓarin jiki, karkacewar baki, ko ciwon da ya ƙi jin maganin gida.

A ranar walimar kuma, a rage sanyin ɗaki, a tanadar masa ruwa da lemon da ba su shiga firji ba. In an haɗa robar da filas mai riƙe zafi da safa mai kauri, kyautar ta cika. A gaya masa yadda zai adana ta idan hunturu ya wuce: a juye ruwan, a rataye ta kai ƙasa murfi a buɗe har ta bushe, a sa ta a durowa inda ranar bazara ba za ta same ta ba.