Kwana shida kan babur a saharar Maroko: abin da na biya da abin da na samu

Kuɗin da na tura wa kamfanin da ya shirya mini wannan tafiyar ya isa in sayi sababbin baburan acaɓa biyu, in kai ƙauyenmu a riƙa kawo mini balas. Maman yara ta tuna mini da wannan lissafin ya fi sau biyar kafin in tafi, kuma ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina sayar da kayan gyaran babura a Kano, na kuma koyi tuƙi ne a rairayin Maigatari tun ƙafata ba ta kai ƙasa. Da wannan taƙamar na hau jirgi zuwa Kasabalanka a watan Fabrairun 2025, ana saura makonni kaɗan a kama azumi.

Asalin burina Tenere ne, daga Agadas zuwa Bilma. Muna yara muna jin labarin tseren Paris-Dakar a rediyo, lokacin da Turawa ke ratsa Nijar da babura da motoci. An soke tseren a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, daga 2020 kuma Saudiyya. Hanyar Bilma yanzu sai da ayari da rakiyar soja, ba wurin mai yawon buɗe ido ba ne. Shi ya sa na nufi kudu maso gabashin Maroko, inda kamfanoni da yawa ke ba da hayar babur haɗe da jagora, bakanike, motar kaya, abinci da makwanci. Ba zan kama sunan wanda na yi hulɗa da su ba, don akwai inda zan yi ƙorafi.

A Warzazat muka haɗu, mu bakwai: Faransawa uku, 'yan Sifen biyu, wata Bajamushiya da ta kusa shekara sittin, sai ni. Baburan duk iri ɗaya ne, masu cc 450, dogaye, marasa nauyi, kujerarsu kamar katakon benci. Da aka nuna mini nawa na duƙa na duba tayar baya, haƙoran tsakiya sun ci rabi. Sana'ata ce, ba za a yi mini wannan ba. Mai ofishin ya ce za ta kai, na ce ba za ta kai ni ba. Sai da muka yi 'yar ja-in-ja kafin ya sa aka canza, yana cin magani. Cikin sauran shidan babu wanda ya duba tasa, kuma ɗaya daga cikin 'yan Sifen ɗin ya ɗanɗana kuɗarsa a rana ta huɗu.

Tallar da ke shafinsu na intanet ta ce kwana shida cikin sahara. Ba haka ba ne. Ranar farko gaba ɗaya kwalta ce, daga Warzazat ta Tingir da Arfud har Marzuga, fiye da kilomita 350 kan wannan katakon. Ranar ƙarshe ma kwalta. Idan aka tace, kwana uku da rabi muka yi a daji. Da sun faɗi haka tun farko da ban ji haushi ba, domin uku da rabin ma sun ishi jikina.

Mun ɗan tsaya a Risani, inda kangon Sijilmasa yake. Garin da aka kafa wajen shekarar 757, nan ayarin zinariya da gishiri ke tashi su nufo ƙasashenmu. Daga nan Ibn Battuta ya tashi a Fabrairun 1352, ya yi wata biyu kafin ya isa Walata, a Muritaniyar yau. Yau ganuwar ƙasa ce da ta zaizaye, kamar wani ɓangare na badalar Kano da aka manta da shi, yara na buga ƙwallo a gefe. Minti ashirin aka ba mu, Turawan ma ba su sauka daga babur ba.

A Marzuga muka sadu da mutumin da a ganina shi na biya kuɗin dominsa. Jagoranmu ɗan ƙabilar Ait Khabbash ne, siriri, mai rawani irin na Buzayenmu, wanda ya yi kiwon raƙuma a wannan yankin kafin ya taɓa hawa babur. Da Larabcin Islamiyyata da 'yan kalmomin Faransanci muke fahimtar juna. Alhaji yake kira na, ni kuma na sa masa madugu, na fassara masa ya yi dariya. Da yamma ya kai mu gindin tuddan Erg Shebbi, waɗanda wasunsu ke kai mita 150, ya ce kowa ya zagaya ya gani. Na ba da wuta irin ta Maigatari, ina zaune daram, ƙafafu a sake suna share yashi. Da na dawo ya kama kan babur ɗina ya ce, "Alhaji, kai rairayin kan hanya ka sani. Wannan ruwa ne. Tashi tsaye." Ya sassauta iskar tayoyina har sai da na ga gefensu ya buɗe, ya nuna mini in matse tanki da gwiwoyi, in ja nauyina baya, in sa giya ta biyu ko ta uku, kar in saki totur, kar kuma yatsana ya kusanci birkin gaba. Idan kan babur ya fara rawa, ƙyale shi za ka yi ya nemi hanyarsa. Duk abin da hannuna ya saba yi shekara talatin, akasinsa ake so.

Da daddare aka kai mu Hamliya, wani ƙauye kusa da Marzuga, jin kiɗan Ginawa. Baƙaƙe ne, jikokin bayin da aka ƙetaro da su daga Afirka ta Yamma. Na shiga da zuciyar cewa wasan 'yan yawon buɗe ido ne, kuma haka ɗin ne, har da kwanon tara kuɗi. Amma da mai gimbiri ya fara kaɗa tsirkiyarsa mai kauri, ƙarafan hannu suka ɗauka, sai tsigar jikina ta tashi, don garayar 'yan bori na ji sak.

Rana ta biyu kwalta ta ƙare a Tawuz, muka nufi Uzina da Ramliya, iyakar Aljeriya na hannun hagunmu ba nisa. Tun 1994 iyakar ke rufe, saboda haka sojoji ke kan duwatsu, wani wurin su karɓi takardar bayanan fasfo su rubuta. Kamfanin ya buga mana kofe da yawa tun a ofis, wannan kam sun kyauta. A nan na koyi cewa kalmarmu ta hamada, a bakinsu, ba yashi take nufi ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙaƙen duwatsu, wanda ke girgiza mutum har haƙoransa su riƙa haɗuwa. Yashi mai tudu shi ne erg. Mafi yawan tafiyar kan hamadar ce.

Bayan Ramliya akwai kwarin Geris, busasshen kogi mai faɗi, cike da abin da suke kira fesh-fesh. Gari ne lis kamar fulawa, samansa kamar ƙasa mai tauri, ƙarƙashinsa kuma ramukan da tayoyin manyan motoci suka haƙa. Madugu ya tsayar da mu, ya ce a ba juna tazara mai yawa, don ƙurar na gaba makanta mutum take. Ban ba da isasshiya ba. Bafaranshen da ke gabana ya tayar da ita, duniya ta zama fari fat, na saki totur, tayar gaba ta nutse, na wuntsila ta saman kan babur. Faɗuwar ba zafi, kamar kan katifa. Ɗaga babur ɗin ne azaba, ƙafa na nutsewa har ƙwauri, gari ya cika hanci da baki, hular kwano ta zama tanda. Sau huɗu na faɗi a cikin kwarin nan. A na uku libar kuloci ta karye rabi. A na huɗu na zauna kawai ina haki, sai ga Bajamushiyar nan ta zo ta wuce a tsaye kan babur ɗinta, a natse, kamar mai zuwa cefane. Ta tsaya can gaba inda ƙasa ta yi tauri, ta tako da ƙafa ta taya ni ɗagawa. Ban gaya wa 'yan majalisarmu wannan ɓangaren ba sai yanzu.

A nan babban ƙorafina yake. An ce mana motar kaya na bin mu a baya. Ashe ba ta bin sawunmu, zagaye take ta hanya mai sauƙi, sai da rana tsaka da kuma dare muke haɗuwa. Ruwan lita 3 da ke goye a bayana ya ƙare a cikin kwarin. Wayar tauraron ɗan'adam da suka yi ta tallatawa kuwa tana cikin motar, ba a jikin madugu ba, a wurin da babu sabis ko ɗigo. Da wani ya karya ƙugu a Geris, sai dai madugu ya bar mu ya je neman taimako. Na yi masa magana, ya ɗaga kafaɗa ya ce ya sha faɗa wa ofis. Daga jakarsa ya ciro gorar ruwa ya miƙo mini, na lura shi bai kurɓa ba har muka shiga ƙauyen da ke gaba. A ƙauyen muka sayi fetur a jarka, ya tace shi da gefen rawaninsa kafin ya zuba.

Bakaniken kuwa, yaro ne da bai wuce ashirin da biyar ba, kuma da zai yarda da na ɗauko shi Kano. Kowane dare muna shan shayi da na'ana'a, shi yana tsugune da fitilar goshi, ya ciro soson iyakilina, wato matatar iska, na babura takwas, ya wanke, ya shafa mai, ya mayar, ya ɗaure sarƙa, ya bi sifok ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Na taya shi dare biyu, don hannuna ba ya iya zama. Libar da na karya cikin minti biyar ya sauya ta.

Abinci ba laifi, tajin, wato dahuwarsu ta nama da kayan lambu, da burodi da dabino, sai dai tajin ɗin kullum ne har ya gundure ni. Wanda zai je ya riƙe yajinsa da ƙilishi. Sanyin dare ya fi ƙarfin hunturun da na sani, alwalar asuba sai da na yi shahada. Salla ba ta ba ni wahala ba, ina haɗa azahar da la'asar in yi kasaru, madugu na nuna mini gabas ba tare da ya duba komai ba. A wani ƙaramin masallaci a Tagunit liman ya yi karatu da Warshu, irin na makarantar allonmu, har na ji kamar a unguwa nake.

Zagora ba mu shige ta ba, saboda haka allon nan mai cewa kwana 52 zuwa Tambutu a hoto kawai na san shi. Daga Mahamid, inda kwalta ta sake ƙarewa, muka shiga Erg Shigaga muka kwana. Sansanin na da janareta da ya yi ta ruri har sha ɗayan dare, abin da ya ɓata mini shirun da na biyo dubban kilomita don in ji.

Asubar ranar ita ce ta biya ni. Madugu ya tashe mu tun rana ba ta fito ba, ya ce yashi da sanyin safiya a ɗaure yake, kuma inuwa na nuna maka bakin kowane tudu. Da rana ta take, komai ya zama launi ɗaya, ba ka ganin gangare sai ka faɗa. Ya nuna mana yadda gefen da iska ke bugawa yake da tauri, ɗaya gefen kuma a tsaye yake, sako-sako. Ka hau da ƙarfi, dab da ƙololuwa ka sassauta, tayar gaba ta leƙa, ka ga abin da ke ƙasa, sannan ka gangara. Na bi sawunsa tudu bayan tudu, kusan awa guda ban faɗi ba. A wani wuri ya ɗaga hannu ya karkata dama ba dalilin da na gani. Ɗan Sifen mai gogaggiyar taya ya miƙe abinsa, ya faɗa wani kwano mai laushi, tayar baya ta haƙa har babur ya tsaya da kansa ba jaki. Mu huɗu muka kwantar da shi, muka tura yashi cikin ramin, muka ja shi. Na tambayi madugu me ya gani. Ya ce launin wurin ya fi haske kaɗan, kuma babu ƙananan layukan da iska ke zanawa.

Tafkin Iriki na so in tsaga ta tsakiya in buɗe wuta, kamar yadda ake gani a bidiyo. Ya daɗe a bushe, tun bayan da aka datse kogin Dara'a da madatsar da ke kusa da Warzazat a farkon shekarun 1970, amma ruwan saman da aka tafka a Satumbar 2024 ya sake cika shi. Madugu ya ƙi, ya ce ɓawon sama ya bushe amma ƙasa taɓo ne. Faransawan suka yi ta gunaguni. Ya sauka ya taka 'yan taku daga gefe, ya caka sanda, ta fito baƙa jiƙe. Muka bi ta gindin duwatsu har Fum Zigid, hanyar da ta kwance mini kowane ƙashi.

A ofis aka zo kan kuɗin jinginar da suka riƙe. Suka cire na libar kuloci, wannan haƙƙinsu ne, ko da yake farashin ya ninka wanda nake sayarwa sau uku. Sannan suka nuna wata tsagewa a robar gefen tanki suka ce ni ne. Allah ya taimake ni na ɗauki hoton babur ɗin ta kowace kusurwa ranar farko, tsagewar na nan a hoton. Mai ofishin ya kalla ya ce kuskure ne. Bajamushiyar ba ta ɗauki hoto ba, aka cire mata na madubin da babur ɗinta bai taɓa zuwa da shi ba, sai da bakaniken ya sa baki.

Wanda ke da niyya, ya nemi a rubuta masa kwana nawa ne ba kwalta, ya tambayi a jikin wa wayar tauraron take, ya duba taya da idonsa, ya kuma fara motsa jiki wata biyu kafin tafiya, don cinyoyina sun yi mako guda ba sa yarda in yi sujada yadda ya kamata. Tukuicin madugu da na bakanike a hannunsu na damƙa, ban bi ta ofis ba. Lambar madugun na wayata. Ya ce idan na dawo in neme shi kai tsaye, yana da ɗan'uwa mai babura uku a Marzuga, kuma akwai wata rijiya kudu da Tawuz da kamfanoni ba sa kai mutane. Maman yara ba ta san da wannan maganar ba tukuna.