Kafin ka zaɓi kayan gina manhajar kwamfuta, duba injin Alhaji

Wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Yamai ya tambaye ni ko akwai riba a kayan nan da ake rubuta manhaja da su sau ɗaya, ta yi aiki a Windows da Linux da Mac. Na ce da riba, in ka san wanda ka ɗauka. Ni a Ubuntu, wani nau'in Linux, nake rubutu, 'yan kasuwar Tawa da nake wa aiki kuwa kusan duk Windows ce gare su, tsohuwa ma.

Da Electron na fara, shi ya ƙone ni. Kamfanin GitHub ne ya fitar da shi a 2013, da shi aka gina manhajojin VS Code da Discord, sai dai kowace manhaja tana tafe da Chromium, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ɗungurungum a cikinta. Na yi wa wani dillalin albasa ta lissafin buhuna, nauyinta ya haura mega 100, na ƙone data wajen aikawa. Injinsa mai RAM giga 2 ne. Ya danna, muka zuba ido, fanka na kuka, har shayi ya huce. Ya ce, "Malam, littafina bai taɓa sa ni jira ba." Ga shi daga Electron 23 sun daina kula Windows 7.

Shi ya sa na koma Qt, kuma ban ɓoye ba, ita ce tawa. Wasu 'yan Norway biyu ne suka fitar da ita a 1995, da harshen kwamfuta na C++ aka rubuta ta. Wanda ya taɓa buɗe VLC ko Telegram na kwamfuta ya riga ya ga aikinta. Tana tashi da wuri, abin da ke da daraja a garin da wuta ke tafiya ba sallama. Teburin lissafi mai layi dubbai ba ya gagararta, tana buga rasit, tana nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai, ta kuma iya rubutun dama zuwa hagu ga mai son ajami. In C++ ta yi maka tsauri, shiga ta harshen Python. Sai ka lura: Qt 6 ba ta hawa Windows 7, don tsofaffin injina Qt 5.15 za ka nema.

Akwai wasu kayan kuma: Flutter kyakkyawa ce, amma 'yar waya ce, a 2022 ta zauna sosai a kwamfuta. Tauri ba nauyi, amma sai ka koyi harshen Rust. GTK a Windows baƙuwa ce.

Batun lasisi ne mutane ke tsallakewa. Hanyoyin shiga Qt ta Python biyu ne, PySide da PyQt: PySide na ƙarƙashin lasisin LGPL, kana iya sayar da aikinka ba ka buɗe shi ba, in ka kiyaye sharuɗɗa. PyQt kuwa ko lasisin GPL, mai sa ka buɗe asalin rubutun manhajarka, ko ka biya. Duk wanda ya miƙo maka "Qt ta kuɗi" a kile na USB kan jika biyu, kayan sata ne, wani lokaci da cuta a ciki, alhali ta kyauta na nan a shafinsu. Akwai kuma masu naɗe ɗan shafin intanet su kira shi manhaja. Cire haɗin intanet a gabansu ka ga ko za ta motsa. In kai ne mai saye, kada ka cika kuɗi sai an gwada a injinka, ba a sabuwar kwamfutar mai sayarwa ba, a kuma rubuta wa zai riƙe asalin rubutun manhajar. Na ga mai kanti da yaron da ya yi masa aiki ya tafi Agadas da komai, har yau farashin bara yake gyarawa da biro a kan rasit.