Hattara da mai sayar da gilashin kyamara da ba ya yarda a ga lamba

'Yan'uwa masu sana'ar hoto, ku saurari abin da ya same ni, don mutumin nan bai daina ba, suna kawai yake canzawa.

Na daɗe ina neman gilashin kyamara mai zuƙo abu daga nesa, 70-200mm f/2.8, na hannu, saboda sabo ya fi ƙarfin aljihuna. Sai na ci karo da talla a intanet. Kuɗin bai yi arhar da za ta tayar da hankali ba, ɗan sauƙi ne kawai, daidai wanda zai sa ka ce yau ka taki sa'a. Na tambaye shi dalilin sayarwa, ya ce ya koma kyamara marar madubi. Maganar ta shige ni, domin tun da Canon ta fito da tsarin RF, Nikon kuma ta fito da Z a 2018, wato tsarinsu na kyamara marar madubi, mutane da yawa suna ta rabuwa da tsofaffin gilasansu na EF da F, waɗanda aka yi don kyamara mai madubi. Da wannan gaskiyar yake rufe ƙaryarsa.

Ya turo bidiyo, yana jujjuya gilashin a hannu, fes kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Na ce ya ɗauko mini hoton lambar da kamfani ya buga a jikinsa. Ya ce ai ya riga ya naɗe shi a kwali, kuma akwai wani da ke jira da kuɗi a hannu. Daga nan ya roƙi in tura masa kuɗin kai tsaye, kada mu bi ta dandalin da ya sa tallar, wai don kada a yanke mana kaso. Na tura. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ba ni da bakin musu.

Da kaya ya iso, daga waje lafiya lau. Sai da na cire murfin gaba da na baya, na haska tocilar waya ta ƙarshensa, na leƙa ta gaba a ɗaki mai duhu. A can ciki, a gefen wani gilashi na tsakiya, ga wasu fararen zarurruka sun bazu kamar saƙar gizo-gizo. Fumfuna ce. Ƙura ba abin damuwa ba ce, kusan duk gilashin da ake zuƙowa da shi yana shaƙar ta, kuma da wuya ta fito a hoto. Fumfuna daban take: abu ne mai rai da ke girma a wuri mai danshi da duhu, in ta daɗe tana cinye shafen da ke kan gilashin, ko an wanke ta tabon na nan. Hoton da aka ɗauka ana fuskantar haske sai ya fito dishi-dishi, kamar an ɗauka cikin hazo.

Ba nan ta tsaya ba. Na ɗauki hoton bangon bulo a f/2.8, wato ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, kyamara a kafe a kan matokari mai ƙafa uku, na duba kusurwa huɗu. Hagu tar, dama ta narke. Mai gyara ya duba ya nuna mini lotsawa a bakin zoben da ake ɗaura tace-haske, da kawunan kusoshi da sukuddireba ta cinye. Ya ce gilashin ya taɓa faɗuwa, wani ɓangare na ciki ya goce daga tsakiya, kuma an buɗe shi an mayar ba da iyawa ba.

Na koma kan bidiyon ina tsayar da shi kaɗan-kaɗan. A wani wuri ƙarshen lambar ya bayyana. Ba ita ce a kan wanda ke hannuna ba. Ashe mai kyau guda ɗaya yake nunawa kowa, ya aika da ruɓaɓɓe irinsa. Na yi masa magana, ya ce a hannuna ya lalace, ya toshe ni. Dandalin kuma suka ce cinikin da aka yi a wajensu ba su da hannu a ciki, kuma gaskiyarsu ce.

Don haka in za ka sayi na hannu daga nesa, ka sa mai shi ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda, ya ajiye kusa da lambar, ya ɗauka. Ka ce ya yi sabon bidiyo yana haska tocila ta cikinsa, ya nuna ganyayyakin ƙofar haske ko akwai maiƙo, domin maiƙo yana sa su nawa wajen rufewa. Ka biya ta hanyar da za a iya dawo maka da kuɗinka, ka kuma ɗauki bidiyon buɗe kwalin tun daga yanke salatif. Wanda ya ce maka ya riga ya naɗe, ka bar masa kayansa.

Nawa yana nan cikin roba shi kaɗai, nesa da sauran gilasaina. Shekaranjiya na sake ganin bidiyon nan, hannu ɗaya, labule ɗaya a baya, a ƙarƙashin wani sabon suna.