Kafin ka taɓa kanel a kan IBM Z: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa zama gaban allon 3270, wanda ake sarrafa babbar kwamfuta da shi, da ƙarfe biyu na dare, Linux ya tashi lafiya lau amma ya ƙi amsa kiran kowa ta netwok, ya san sabunta kanel, wato zuciyar Linux, a kan babbar kwamfuta irin IBM Z ba wasan yara ba ne. Ni abin da ya taɓa kayar da ni bai kai ya kawo ba. Mun ƙaura da wani baƙo, wato Linux da ke zaune a kwamfutar boge cikin babban injin, daga RHEL 7 na Red Hat zuwa RHEL 8, muka kwafo dokokin katangar tsaro yadda suke. A tsohon gida sunan ƙofar netwok enccw0.0.0600, a sabon gida ta koma enc600. Katin netwok lafiya, direban da ke tuƙa shi lafiya, dokokin ne ke neman sunan da ya riga ya ɓace. Kusan sa'a guda muna zargin VSWITCH, mahaɗar boge da baƙi ke fita netwok ta cikinta, da laifin da bai ji ba bai gani ba.

Na fara da wannan ne don mai saye ya gane inda gizo ke saƙa. A kan kwamfutocin da aka saba, sau da yawa kana iya zuwa shafin kamfanin kati ka sauke direba daban. A tsarin s390x, wato na IBM Z, ba haka ba ne. Direban qeth, wanda ke magana da katin OSA-Express da HiperSockets da kuma katin boge da z/VM, mai masaukin baƙi na IBM, ke bai wa baƙinsa, yana cikin kanel ɗin kansa. Haka direban virtio na KVM, mai masaukin baƙi na Linux, haka direban mlx5 na katin RoCE. Idan ka zaɓi kanel ka zaɓi direba ke nan, ko ka sani ko ba ka sani ba. Don haka tambayar ba ta “wace lamba ce ta fi sabunta” ba ce. Tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin gyara idan abu ya lalace, kuma ta wace ƙofa baƙinka ke fita.

Kamfanoni uku ne ke sayar da Linux mai cikakken tallafi a nan: Red Hat, SUSE da Canonical. SUSE ce ta riga kowa, tun shekarar 2000, jim kaɗan bayan IBM ta saki gyare-gyarenta na S/390, magabacin IBM Z, a ƙarshen 1999. Ubuntu ta Canonical ta shigo a 2016 da sigar 16.04. Dukkansu ukun suna kawo kayan aikin s390-tools, don haka lszdev da chzdev da lsqeth za ka same su ko'ina. Bambancin yana wajen ɗabi'a.

Red Hat tana kafe lambar kanel tsawon rayuwar babbar siga: RHEL 8 yana kan 4.18, RHEL 9 kan 5.14, RHEL 10 kan 6.12. Kada lambar ta ruɗe ka. Injiniyoyinsu na ɗauko gyare-gyare daga sabuwar kanel su dasa a tsohuwa, ta yadda qeth ɗin da ke cikin sigar ƙarshe ta RHEL 8 ya yi wa na 4.18 na asali nisa sosai. Na sha ganin manaja ya dubi lambar ya ce “wannan ai tsohon yayi ne”, alhali gyaran da yake nema ya daɗe a ciki. Abin da za ka duba shi ne takardar canje-canje ta kunshin, ba lambar da umarnin uname ke nunawa ba. SUSE kuwa takan ɗaga kanel a wasu daga cikin manyan kunshin sabuntawarta: SLES 15 SP5 yana kan 5.14, SP6 ya hau 6.4. Ma'ana kana samun sabon abu da wuri, amma kowane irin wannan tsallake yana bukatar gwaji kamar ƙaramar ƙaura. Ubuntu 22.04 ta zo da 5.15, 24.04 ta zo da 6.8, tallafin kyauta na shekara biyar ne, mai biyan Ubuntu Pro ya samu ƙari.

Akwai shingen da mutane ke mantawa har sai sun ci karo da shi: shekarun injin. RHEL 8 ba ya tashi a ƙasa da z13, RHEL 9 kuma sai z14 ko abin da ya biyo bayanta. Wanda ke riƙe da z13 ta 2015, komai kuɗin lasisin da ya zuba, RHEL 9 ba zai hau ba. Kuma a duba injin da aka ajiye don ranar masifa, domin sau da yawa shi ne tsohon. Ba ƙaramin abin kunya ba ne ka sabunta babban ɗaki sannan ka gano ɗakin ko-ta-kwana ba zai iya tayar da faifan ba.

Sai batun harhaɗa kanel da kanka daga tushe. Ba zan daɗe a nan ba. Don koyo ko farautar wani kuskure a baƙon gwaji, madalla. A kan injin da ke riƙe da asusun mutane kuwa, ranar da ka kira mai tallafi abu na farko da zai nema shi ne sakamakon dbginfo.sh, ya ga kanel ba tasu ba ce, magana ta ƙare.

Facin kanel tana cikin aiki, ba tare da an kashe an kunna ba, abu ne mai jan hankali, kuma masu talla sun iya kambama shi. SUSE na sayar da shi a kan s390x, kuma duk wanda ya yi maka tayin irinsa ka sa ya rubuta a yarjejeniya cewa tsarin s390x da sigarka suna ciki. Amfaninsa na gaskiya shi ne toshe ramin tsaro mai haɗari yau, a jinkirta IPL, wato sake tayar da tsarin, zuwa lokacin da ya dace. Ba ya ba ka sabon direba, ba ya koya wa tsohuwar kanel sabon kati. Faci ne, kuma faci ba ya zama sabuwar taya. Idan kana da baƙi ɗari uku kuma samun izinin tsayar da aiki sai an yi taro uku, kuɗinsa halal ne. Idan manhajarka tana gudana a kan baƙi biyu da ke karɓar wa juna aiki, kashe ɗaya ka sabunta ya fi sauƙi kuma ya fi tsabta.

Yanzu ga inda nake ganin ainihin zaɓin yake: ƙofar da baƙo ke fita ta cikinta.

Mai z/VM yawanci yana da VSWITCH, kuma a ganina shi ne zaɓi mafi kwanciyar hankali ga yawancin ayyuka. Baƙo yana ganin kati na boge mai lambobi uku, na karatu da na rubutu da na bayanai, misali 0600 da 0601 da 0602, qeth ya haɗa su rukuni ɗaya. Ainihin katin OSA yana hannun z/VM. Idan kati ɗaya ya mutu, VSWITCH ya koma kan na biyu ba tare da Linux ya ankara ba, kuma ana iya ɗaure katuna da yawa su zama hanya ɗaya. Wannan yana rage abin da sabuwar kanel za ta iya lalatawa, domin ba a cikin kowane baƙo aka tsara kariyar ba. Tarkon da ke nan shi ne mataki na 2 (ETHERNET) da mataki na 3 (IP) na netwok. VSWITCH ko dai na ETHERNET ne ko na IP, kuma saitin layer2 na qeth dole ya dace da shi. Tsofaffin wurare da yawa an gina su kan na IP tun zamanin da shi ne abin da aka saba. Idan za ka yi babbar ƙaura, nan ne lokacin komawa ETHERNET, domin IPv6 da duk wani abu mai bukatar adireshin MAC, wato lambar shaidar katin netwok, na gaske sun fi zama lafiya a can. Amma kada ka haɗa sauyin mataki da sauyin kanel a dare ɗaya. In abu ya karye ba za ka san wa za ka tuhuma ba.

Miƙa wa Linux katin OSA kai tsaye, ko a LPAR (yankin injin da aka ware) ko a baƙo, yana cire ɗan matsakaici kuma yana iya rage aikin da ke hawa kan IFL, wato injin lissafin da aka keɓe wa Linux. Tun da yawancin lasisin manhaja a nan bisa yawan IFL ake lissafa shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai nauyin kariya ya dawo kanka: kai za ka ɗaure katuna biyu a cikin Linux, kai za ka gwada cire waya bayan kowace sabuntawa. Ga babban rumbun bayanai guda ɗaya mai cin hanya, ya dace. Ga tarin ƙananan baƙi, wahala ce kawai.

HiperSockets ba ya fita waje ko kaɗan, ta cikin ƙwaƙwalwar injin yake bi tsakanin LPAR da LPAR. Inda Linux ke hira da rumbun bayanai na Db2 a kan z/OS cikin akwati ɗaya, da wuya ka samu abin da ya fi shi. Girman firam ana tsayar da shi ne a saitin injin, daga 16K zuwa 64K, shi ke ba da MTU, wato iyakar girman saƙo guda, daga 8K zuwa 56K, don haka bayan sabuntawa ka tabbata ba wani sabon fayil ɗin saiti ya murƙushe maka shi zuwa 1500 ba. Babu abin da zai yi ƙara. Aikin dare ne kawai zai fara kaiwa hantsi.

KVM kuma wani lissafi ne daban. Baƙo yana ganin virtio, direban da duk mai Linux ya sani, kuma ma'aikatan da suka saba da libvirt ba sa bukatar koyon umarnin CP na z/VM. Ga ƙungiyar da ba ta da gwanin z/VM, ko take fargabar ranar da gwaninta zai yi ritaya, wannan hujja ce mai ƙarfi. Abin lura shi ne mai masaukin shi ma Linux ne. Kana da kanel biyu da za ka kula da su, kuma ta mai masauki ita ke riƙe da qeth na gaske. In ta yi tuntuɓe, duk baƙin sun faɗi tare. Haɗa baƙi ta macvtap ya fi sauƙi. Gada ko Open vSwitch a kan OSA na bukatar ƙarin saiti a katin don ya yarda da adiresoshin MAC da bai sani ba, kuma irin wannan saitin ne ke ɓacewa idan an yi shi da hannu ba a adana da chzdev ba.

Katin RoCE Express na PCI ne, mlx5 ke tuƙa sababbinsa, wato direban da ake amfani da shi a dubban sabobin da ba na IBM Z ba, don haka gyaransa na zuwa da sauri. Shi ne kuma hanyar SMC-R, mai aika bayanai kai tsaye daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙwaƙwalwa. A nan ne sabuwar kanel ke da riba ta zahiri, domin ɓangaren PCI na s390x da SMC suna cikin wuraren da aka fi yi wa aiki a 'yan shekarun nan. Farashinsa shi ne sassauci: RoCE Express ba ya zama ƙofar fitar VSWITCH, kariya sai ka ɗaure biyu da kanka, kuma baƙon da aka miƙa wa na'urar PCI ba ya ƙaura yana cikin aiki sai an cire masa ita. Don sabon aiki a kan z16 zan sa shi a lissafi. Don tsofaffin baƙi da ke zaune lafiya a bayan VSWITCH, ban ga dalilin tayar da su ba.

Wanda har yanzu yake kan lcs ko netiucv, wannan ba zaɓi ba ne kuma. Masu kula da kanel sun juya wa waɗannan tsofaffin direbobi baya, kuma gara ka sauka da ƙafarka kafin sabuntawa ta sauke ka.

Masu sayarwa za su ambaci ƙaura da baƙo yana cikin aiki, wanda z/VM ya samu tun siga 6.2, kuma rukunin SSI, mai haɗa z/VM da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ya tashi daga mambobi huɗu zuwa takwas a 7.3. Abu ne mai kyau, amma a fahimci aikinsa. Yana ba ka damar gyara z/VM ko injin ba tare da kashe Linux ba. Kanel ɗin baƙon kuwa, duk inda ka kai shi da ita zai tafi. Sabuwa ba ta hawa sai an yi IPL.

Shi ya sa kafin na sa hannu a kowace takarda nake tambayar hanyar komawa. A kan IBM Z, zipl ne ke rubuta inda kanel take a faifai, kuma wurin da tubalan suke yake riƙewa, ba sunan fayil ba. Ka canza kanel ko initrd, fayil ɗin da ke tashi tare da ita, da hannu ka manta ba ka sake gudanar da shi ba, baƙo ba zai tashi ba. RHEL da Ubuntu suna amfani da zipl kai tsaye, SLES tun siga 12 ta ɗora GRUB2 a kansa, wanda tare da hotunan faifai na Btrfs ke ba da damar tashi daga yanayin jiya. Wannan kaɗai ya isa ya karkata ra'ayin wasu zuwa SUSE, kuma ban ga laifinsu ba. A z/VM kana da wata garkuwar: ka kwafi faifan tushe da FlashCopy ko DDR kafin ka fara, in ta ɓaci ka mayar cikin mintuna.

Sannan cio_ignore. Jerin na'urorin da aka ce wa kanel ta kau da kai daga gare su ne, kuma idan lambobin katinka suka faɗa ciki, Linux zai rantse babu kati a injin. Kafin dare ya yi, ka adana sakamakon lszdev da lsqeth da cio_ignore -l a wani wuri da ba baƙon ba, ka tabbata kalmar sirrin shiga ta 3270 ko HMC, na'urar sarrafa injin, tana aiki, domin idan netwok ya ɗauke shiga daga nesa ta SSH ba zai kai ka ko'ina ba. Bayan IPL ka sake gudanar da su ukun, ka jera sabon sakamako kusa da tsohon, layi bayan layi, ka fara da sunan ƙofar.