Shagon kayan sujada a Mubi: abin da na samu da abin da na rasa

Mako biyu kafin Jibin Ubangiji na baya, wato sujadar tunawa da abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, dattawan majami'armu suka ɗora mini nauyin sayo kayan wankin ƙafa, domin robobin da muke amfani da su sun tsufa, wasu ma sun fara yoyo. Aka yi mini kwatancen wani ƙaramin shago a Mubi, ba nisa da wata majami'a ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Shagon ba shi da allo ko suna a rubuce. In ka tambayi masu bi na unguwar, sai su ce maka "shagon Baba". Sau uku na je na same shi a buɗe, kuma na ga ya kamata in rubuta abin da na gani domin amfanin waɗanda ikilisiyarsu za ta aika irin wannan aike.

Ɗaki ɗaya ne, da kanta uku da benci a bakin ƙofa. Mai shagon dattijo ne wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar Lahadi, kuma wannan ya bayyana tun daga tambayarsa ta farko. Da na ce ina neman daro da tawul, bai fara da maganar kuɗi ba, sai ya tambaye ni maza nawa da mata nawa ke zuwa Jibin Ubangiji, tun da yake kowane ɓangare daban yake zama a lokacin wankin ƙafa. Na ɗauko wasu ƙananan tawul masu araha da na gani a gefe, ya karɓa ya mayar da su wurinsu, ya ce, "Ɗana, wanda ba zai ɗauru a ƙugu ba, ba na wannan aiki ba ne." Sannan ya ciro dogaye, ya ɗaura ɗaya a ƙugunsa, ya durƙusa a gabana domin in ga cewa bakin tawul ɗin yana kaiwa ƙafar wanda ake yi wa wanki ba tare da an kwance shi ba.

Wanda bai san wannan ikilisiya ba zai iya ɗauka fi'ili ne na tsoho. Amma abin yana da tushe a Bisharar Yohanna sura 13, inda Yesu ya tashi daga cin abinci, ya yi ɗamara da mayafi, ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma ce su ma su yi wa juna haka. 'Yan'uwa, wato ikilisiyar da EYN ta samo asali daga gare ta, tun daga mutum takwas da suka fara wannan zumunta a ƙauyen Schwarzenau na ƙasar Jamus a shekarar 1708, cikinsu har da Alexander Mack, sun tsaya a kan cewa Sabon Alkawari shi ne ƙa'idarsu, saboda haka abin da Almasihu ya yi ya kuma umarta, yin sa ake yi da hannu, ba a bar shi a wa'azi kawai ba. Shi ya sa a ranar jibi za ka ga mai babban muƙami a ofis ya durƙusa gaban manomin da faso ya tsattsage wa dunduniya. Mai sayar da kaya da ya fahimci wannan ya san cewa daro mai kaifin baki ko mai saurin kifewa zai ɓata tsarin sujadar, kuma na lura duk waɗanda ya ajiye masu faɗin gindi ne. Goma sha biyu na saya, an yi amfani da su, ba wanda ya tsage. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na babbar kasuwa, amma bambancin bai kai abin da zan kashe a kan Keke ba in na ce sai na je can na zaɓa da kaina.

A bango akwai kalandar cikar ikilisiyar shekara 100, ta 2023, wadda Baba bai sauke ba ko da yake shekarar ta wuce. Ta tuna wa mai shiga da tsamiyar Garkiɗa, inda 'yan mishan daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a ranar 17 ga Maris 1923 a ƙasar Bura. Ba ta sayarwa ba ce; na tambaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a zuwana na biyu. Wata mata ta shigo tana neman man shafawa, irin wanda ta ce ana addu'a a kansa domin a mayar wa maƙiyi da sharrinsa. Baba ya nuna mata kwalaben man zaitun da ke kan kanta, ya ce mata, "'Yata, wannan mai ne kawai. Dattawa ke shafa wa marar lafiya in ya kira su, kamar yadda Yakubu ya rubuta a wasiƙarsa, sura 5. Na ramuwa kam ba na ajiye shi." Ta fita ba ta saya ba, shi kuma bai bi ta da lallashi ba. Da na duba sosai, sai na ga ko a cikin takardun mannawa a mota da ƙofar gida babu mai ɗauke da addu'ar halaka maƙiya, alhali irin waɗannan su ne suka fi tafiya a shagunan kayan ibada da yawa a yau. Ɗan kasuwa da ya bar ciniki ya wuce shi saboda koyarwar ikilisiyarsa ya cancanci a faɗa. EYN ikilisiyar salama ce, tana koyar da ƙin ramuwa da ƙaunar maƙiyi bisa ga Wa'azin Kan Dutse da Yesu ya yi, kuma ba a cikin kwanciyar hankali take riƙe da wannan koyarwa ba. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 daga gidajen 'yan wannan ikilisiya suka fito, kuma a ƙarshen Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye Mubi da hedkwatar ikilisiyar da ke Kwarhi, har shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Mutanen da ke sayayya a wannan shago su ne waɗanda suka gudu suka dawo.

A nan ne kuma babban gibin shagon yake. Tun da koyarwar salama ce ta bambanta wannan ikilisiya da sauran 'yan'uwanta na cikin TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, na sa ran zan sami ko da ɗan ƙaramin littafi da Hausa da ke bayyana ta, wanda zan iya miƙa wa matasanmu, domin su ne ke yin tambaya mai wuya: in an ƙone maka gida sau biyu, har yanzu juya ɗaya kuncin za ka yi? Ban samu ba. 'Yan littattafan da suka taɓo batun da Turanci suke, kuma an rubuta su ne domin ɗaliban makarantar tauhidi, ba domin mai sayar da gyaɗa da ta tsaya a aji shida ba. Haka nan ban ga komai da Bura ko Margi ko Kamwe ko Kilba ba, ko da yake da waɗannan harsuna masu shigowa ke gaisawa a bakin ƙofa. Baba ya ce ba ya samun masu kawowa, na kuma yarda da shi, amma mai saye da ya zo daga ƙauye domin wannan zai koma hannu rabbana.

Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa akwai shi, manya da ƙanana, har da mai manyan baƙaƙe domin tsofaffi. Tun 1932 aka fara buga cikakkiyar fassarar Hausa, an kuma sake fassarawa daga baya, shi ya sa wani bugun ke cewa Yohanna wani kuma Yahaya, wani Matta wani Matiyu. Baba yakan tambayi mai saye wanne ake karantawa daga bagade a majami'arsu kafin ya miƙa masa, domin kada mutum ya ruɗe a lokacin karatun tare. Wannan kulawa ta burge ni. Littattafan waƙoƙi ne suka ba ni haushi: guda biyar na saya wa ƙungiyar mawaƙa, kafin wata biyu bangon uku ya rabu da takardun, sai da muka kai wa mai ɗinkin littafi. Laifin maɗaba'a ne, amma wanda ya ɗora kaya a kantarsa yana da rabonsa a ciki.

Ɓangaren Zumuntar Mata shi ne ya fi kowane cika, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa matan ne ke ɗauke da yawancin hidimar ikilisiya, daga gaisuwar marasa lafiya da ta'aziyya har zuwa girkin ranar taro. Akwai zannuwan zumunta da ɗankwali, akwai caki, akwai kuma tulunan da mata ke bugawa in suna waƙa. Matata ta ce zanen da na kai mata bai zuba ba a wankin farko, wanda a wurinta shi ne gwajin da ya fi kowane. Tulunan dai ana barin mai saye ya buga ya ji amonsu kafin ya biya, har wata rana na tarar da mata huɗu a kan benci sun mai da gwajin waƙa sosai, ciniki ya tsaya cik sai da suka kai ƙarshen baiti.

Akwai wani littafin bashi mai baƙin bango a ƙarƙashin teburin. Masu bishara na ƙauyuka da gwauraye mata sukan ɗauki kaya su biya bayan girbi, ba ƙari, ba sa hannu, ba rantsuwa, domin a koyarwar 'Yan'uwa "i" ɗin mutum ya isa. Na tambayi Baba yadda yake yi da wanda ya ƙi biya, ya ce yakan same shi su biyu, in bai ji ba ya tafi da wani dattijo, kamar yadda Matiyu 18 ta tsara, kuma bai taɓa kai kowa ofishin 'yan sanda ba. Abin yabo ne, sai dai mai sayen da ya zo da kuɗi a hannu shi ke jin raɗaɗinsa, domin jarin yana kwance a hannun mutane, kaya kuma sukan yanke. Ƙananan kofunan jibi da na nema a zuwan farko sai a na uku na same su, rabin adadin da nake so ma.

Wanda zai je ya sani cewa ba a buɗewa ranar Lahadi, kuma in an yi rasuwa a ikilisiya Baba yakan rufe ya tafi jana'iza ba tare da ya bar kowa a shagon ba, kamar yadda na tarar wata Laraba bayan na yi doguwar tafiya. Tsabar kuɗi ya fi so, ko da yake yana karɓar turawa ta waya in ɗansa yana nan. Ga daro da tawul da zane da Littafi Mai Tsarki, can zan sake komawa. Littattafan waƙoƙi kuwa zan duba ɗinkin bayansu ɗaya bayan ɗaya kafin in biya. Sauran kofunan ya ce in leƙo bayan Kirsimeti, na kuwa bar masa sunan majami'armu a wata takarda da ya soke a ƙusar da kalandar nan ke rataye.