Mitar keken da na saya: gudu da nisa daidai, ma'aunin zafi sai da dabara

Duk mai son sayen ƙaramar kwamfutar nan da ake ɗaurawa a kan keke, ina ba shi shawarar ya saya, amma ya san abu ɗaya tun kafin ya biya: lambar zafin da take nunawa zafin jikinta ne, ba na iskar gari ba.

Tawa ta GPS ce, wato mai lissafi ta hanyar tauraron ɗan'adam, baƙa, mai matsakaicin kuɗi. Wajen gudu da nisa ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Daga Yelwa zuwa Dass tana ba ni lissafi iri ɗaya kullum, batirinta kuma yana jurewa.

Matsalar ta fito ne da bazara. A watan Afrilu, ranar da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ya ce Bauchi za ta kai digiri 40, na tsaya sayen ruwa a bakin titi, na jingina keken a rana. Kafin in dawo ta haura 50. Da na taɓa fuskarta sai da na janye yatsa. Na sake hawa, iska ta fara dukanta, lambar ta riƙa sauka a hankali, amma ba ta koma daidai ba. Da hunturu ma takan zarce gaskiya: in na fito da ita daga ɗaki da asuba sai ta nuna ɗumi, alhali yatsuna sun ƙage don sanyi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ma'aunin yana cikin kwanson ne, kusa da batiri. Baƙar roba tana shan rana, kwalta tana turo nata zafin daga ƙasa. Su kuwa masu auna yanayi a inuwa suke yi, cikin farin akwati mai ƙofofin iska, wanda aka ɗaga daga ƙasa wajen mita ɗaya da rabi. Awo biyun ba za su taɓa haɗuwa da tsakar rana ba.

Na bincike saitinta kaf. Akwai wurin gyara tsayi daga teku, akwai na sauya Farenhait zuwa Salshiyas (a duba wannan tukuna, don 104 a na farko shi ne 40 a na biyu, ya sha tsorata mutane), amma babu inda za ka rage ko ka ƙara digiri. Wannan gibi ne, kuma ya dame ni. Ko da akwai ma, ba zai warware komai ba, tunda kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya: da safe kaɗan ne, da azahar ya yi yawa.

Abin da ya yi mini aiki shi ne sauya yadda nake riƙonta. Ina ɗaura ta a keke a inuwar zaure kamar minti 15 kafin in fita, ba daga aljihu ko daga caji kai tsaye ba. Na sa mata farar riga ta roba, na mayar da ita kan mariƙin da ke miƙewa gaba, inda iska ke ratsa ƙarƙashinta. Mai gyaran kekena ya so ya naɗe ta da farin salatif, na ce masa, "Malam, bar ƙananan ramukan nan na ƙasa a buɗe." Ta nan take jin nauyin iska, in aka toshe su lissafin hawa da gangara ya lalace.

Da na gwada ta da ma'aunin bango a inuwa, bambancin bai fi digiri ɗaya ko biyu ba. Ke nan lafiyarta lau.

Na damu da wannan ne saboda da lambar nan wasunmu ke yanke shawarar yawan ruwan da za su ɗauka da lokacin juyowa gida, balle in azumi ya faɗo cikin zafi. Ni dai yanzu hasashen yanayi nake dubawa kafin in fita, lambar mitar kuma ina yarda da ita da safe, ko ina cikin gudu rana ba ta take ba.